Gangar Baba a Cikin Fiyano

Ɗan Iya, Bauchi
9 ga Agusta, 1998

Yaya Roda,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da aikin asibiti da ruwan Fatakwal da kika ce ba ya gajiya. Mu nan ƙalau muke. Mama tana gida a Miri, gero ya fara fitar da kai, gwiwarta ce dai ke yi mata tsiya idan gari ya yi sanyi. Ta ce a gaya miki man zafin da kika aiko ya fi na bara.

To Sista, ajiye allura ki saurari ƙanenki. Oga Dele, mai situdiyon da nake aiki, ya dawo daga Legas da sabon fiyano. Shi sintesaiza yake ce masa, yana wani tauna sunan kamar nama. Tsohon da muke da shi, sautin da aka zuba masa tun daga ƙasarsu shi ke nan, ba ƙari. Wannan kuwa kunne gare shi. Ka kara makirufo a baki ka yi tari, sai ya cafke tarin ya shimfiɗa shi a kan maɓallansa kaf. Ka danna na dama ka ji tarin jariri, ka danna na hagu ka ji tarin bijimin sa. Sannan ya adana shi a wani ɗan faifai da bai kai tafin hannuna ba. Jiya na kama atishawar Oga na yi waƙa da ita, ya kusa kora ta. Abin da ya rage mu canza shi ne tsohuwar ampilifayar nan, na'urar ƙara sauti, mai cizo. In ka taɓa makirufo ba takalmi sai wutarta ta fizge ka. Kullum Oga cewa yake gobe mai gyara zai zo.

Ga maganar. Mawaƙan majami'armu sun ba mu aikin kaset na godiyar kaka, Agnes ce za ta ja baki. Komai ya zauna sai ganga. Gangunan da ke cikin fiyanon nan kamar ana dukan bokitin roba suke, ba wanda zai taka rawa da su a Bauchi. Sai na tuna da gangar Baba da ke rataye a rumbu tun rasuwarsa. Ban taɓa jin abu mai zurfin muryarta ba.

Na san kin fara ɗaure fuska. Ba kiɗa zan yi da ita ba. Taɓawa ɗaya ce, fiyano ya kama, in mayar da ita inda take. Ai ƙararrawar majami'a ta karɓe mata aiki tun tuni, zaman banza take yi ɓeraye na hawa kanta.

Ki gaishe da maigidanki. Ki ce masa har yau ina jiran takalmin da ya yi mini alkawari.

Ƙanenki,
Toma

*

Fatakwal
30 ga Agusta, 1998

Toma,

Na gode wa Allah da jin kuna lafiya. Mu ma haka, sai gajiyar aiki. Ka riƙa tuna wa Mama ta daina ɗaukar itace a ka.

Kada ka taɓa gangar nan. Na rubuta shi a layinsa shi kaɗai don kada ka ce ba ka gani ba.

Kai ƙarami ne lokacin, abin da ka sani kawai Baba na da ganga mai daɗin amo. Bari in gaya maka aikinta. Ba a fito da ita sai an yi mutuwa a unguwarmu. Baba zai hau dutsen bayan gida ya buga, duk wanda ya ji ya yar da fartanya ya nufo ƙofarmu. In an taru, babba a cikinsu ya tambaya, “Wa aka kira?” Baba ya faɗi sunan mamacin. Sai an faɗi sunan nan sannan ake naɗe ta a baƙin zanenta. Baba ya sha faɗa mana ba ta komawa zane da baki buɗe, dole a ba ta suna.

Ka tambayi Kawu Matta labarin akuyarmu Ƙyalla. Wata rana ta shiga rumbu ta tunkuɗo gangar, ta faɗo ta yi gum sau ɗaya. Da idona na ga Baba, mutumin da ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba, yana gumi kamar an watsa masa ruwa. Ya hau dutse ya kira sunan akuyar da ƙarfi, ya yanka ta kafin rana ta faɗi. Akuya ce mai ciki, kuma ita kaɗai muke da ita.

Ni ma'aikaciyar asibiti ce, na san abin da ke kashe mutum, kuma ba fatar saniya ba ce a kan itace. Na kuma san abin da Fasto ya koya mana. Duk da haka ina roƙonka ka bar ta. Ko da ba komai a cikinta, Mama ta yarda da ita, tsofaffin Miri sun yarda da ita, wannan ya isa. Ka nemi mai kalangu a cikin gari ka kama nasa.

Ka amsa mini da wuri.

Yayarka,
Roda

*

Ɗan Iya, Bauchi
18 ga Oktoba, 1998

Yaya Roda,

Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya. Mama lafiya, an fara yankan gero.

Takardarki ta sha yawo kafin ta zo, ambulan ɗin har ya yi laushi. Ta same ni bayan an gama komai. Kada ki yi fushi. Na ɗauko gangar a kan acaɓa Mama na gona, na kai situdiyo, na kara makirufo, na sauke mata gular Baba sau ɗaya tak, na mayar da ita kafin Mama ta dawo. Ban mutu ba, Oga Dele bai mutu ba, ko ƙadangare bai faɗo daga bango ba.

Yaya, da kin ji ta a fiyano! A tsakiya muryarta ce sak. Amma maɓallin ƙarshe na hagu, ba ji kake da kunne ba, a cikinka kake ji. Da na danna shi, kofin shayin Oga ya yi tafiya da kansa har bakin tebur. A kan wannan na gina waƙar farko tun daga sama har ƙasa. Kaset ya fito, kuma gari ya ɗauka. Masu tasi, masu shayi, matan sojoji a Shadawanka, har Musulmi da ba ruwansu da godiyar kakarmu suna sa shi saboda kiɗan. Masu kwafar kaset a kasuwa sun riga sun yi nasu. Ga ɗaya nan na haɗa miki a cikin ƙunshin.

Tunda kin ce in gaya miki gaskiya kullum, ga wasu ƙananan abubuwa, kada ki mayar da su manya. Ranar ɗaukar murya, da tsakar rana, Agnes ta tsaya a tsakiyar baiti ta cire abin sauraro daga kunnenta ta ce wa ke tsaye a bayanta. Ɗakin ɗaukar murya bai fi banɗaki girma ba, ita kaɗai ce a ciki. Sannan a jikin miksa, inda muke haɗa sautuka, kowane layi na da ƴan fitilu kore da ke hawa idan sauti ya shigo. Na layin gangar sukan hau su sauka a hankali ko ba wanda ya taɓa fiyano. Oga ya ce waya ce ta saki. Ya canza wayar, ba su daina ba. Yanzu ya manna takarda a kansu, ya ce suna ɗauke masa hankali.

Na ƙarshe, zanen. Da na mayar da gangar na naɗe ta tsaf na ƙulle. Ranar Lahadi na leƙa rumbu na tarar da zanen a ƙasa. Na sake ƙullewa. Ɓeraye ne, na sani.

Naki,
Toma

*

Miri
8 ga Nuwamba, 1998

Yaya Roda,

Ina gaisuwa. Ban jira amsarki ba, don ban iya jira. Daga gida nake rubutu. Mama ba ta kwance, amma ba lafiya ba.

Wani saurayi ya dawo daga cikin gari da kaset ɗin, ya sa a rediyonsa mai batir a bakin gona, ya ƙure murya, da la'asar, mutane na yankan dawa. Matasa suka hau rawa. Tsofaffi kuwa suka yar da lauje. Cecilia maƙwabciyarmu ta ce ba wanda ya yi wa wani magana, haka suka jero ta cikin karan dawa har ƙofarmu, mata sun fara ɗora hannu a ka. Mama ta fito da ludayi a hannu. Kawu Matta ya cire hula ya tambaye ta, “Wa aka kira?”

Mama ta dube su. Ta shiga rumbu, ta ga gangar a rataye, zanen a ƙasa. 

Cecilia ce ta aiko a kira ni. Na zo na yi musu bayani har bakina ya bushe. Na ce inji ne, na ce bugu ɗaya na yi, sauran duk fiyano ne ke maimaitawa. Kawu Matta ya ce, “To injin naka, in ya buga, wa yake kira?” Na ce ba kowa. Ya girgiza kai ya mayar da hularsa.

Yaya, Mama ta yi wanka ta ɗaura zanen zumuntar matan majami'a, sabon nan da take ajiya. Ta shimfiɗa tabarma tana fuskantar ƙofa. Ta raba kajinta, ta ba Cecilia babbar tukunya. Ruwa kawai take kurɓa. Na durƙusa da kwanon tuwo na ce, “Mama, don Allah ko loma ɗaya.”

Ta ce, “Toma, ganga ta gidan nan ne. Ta yi kira ba a amsa ba. A gidan nan wa ya fi ni kusa? Gara in shirya da ta je tana dube-dube a cikin ƴaƴana.”

Na ce, “Mama, ke fa mai bi ce.”

Ta ce, “Shi ya sa ban ji tsoro ba. Kai ci tuwon.”

Fasto ya zo ya yi addu'a, ta ce amin da ƙarfi, ta koma ta zauna yadda take. Kuma duk acaɓa ko motar da ta wuce da kaset ɗin, sai ta ɗaga kai kamar an kira ta daga waje. Ni na yi wannan, da hannuna, don in ji daɗin amo. Ina jin tsoro, Yaya. Wuyanta ya fara ramewa. Ki gaya mini abin da zan yi.

Toma

*

Fatakwal
22 ga Nuwamba, 1998

Toma,

Takardunka biyu rana ɗaya suka zo. Na fara buɗe ta farko, ina ta zaginka a raina ina dariya, har na ce wa maigida ƙanena ya zama babban makaɗi. Sannan na buɗe ta biyu. Kaset ɗin yana nan a ledarsa, ban sa shi ba, ba kuma zan sa ba.

Ba lokacin faɗa ba ne. Ka saurara. Ka dama mata kunu mai ruwa-ruwa, ka sa sukari da ɗan gishiri, ka ce ruwa ne, a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan. In ta fara rikicewa ko ta daina fitsari, ku ɗauke ta zuwa asibiti ko tana so ko ba ta so. Na nemi hutu, an ce sai Kirsimeti. Na yi kuka a gaban shugabarmu, bai yi amfani ba.

Ka goge gangar daga fiyanon nan. Sannan ka sayi akuya ka kai wa Kawu Matta, a yi yadda Baba ya yi da Ƙyalla. Allah ya gafarta mini, ni da nake koya wa mata su bar camfi. Amma in akuya za ta sa Mama ta buɗe baki, a yanka.

Kuma Toma, na san bakinka. Ba kowane wuri ake wasa ba. Ka bar Kawu ya yi magana, kai ka yi shiru.

Roda

*

Ɗan Iya, Bauchi
6 ga Disamba, 1998

Yaya Roda,

Albishirinki! Mama ta ci tuwo. Malmala guda ta tashi da ita, da miyar kuka, har tana cewa gishiri bai ji ba. Ki kwantar da hankalinki.

Na bi maganarki. Na goge gangar, na karya faifan, na jefa a masai. Oga Dele ina jin shi ma ya huta. Yanzu in ka danna maɓallin hagun nan ba ka jin komai. Sai dai takardar lasifika tana motsi, ciki da waje, kamar ƙirjin mai barci. Na daina danna shi.

Akuya kuwa ba ta yi ba. Na ja ta har gida, mutane suka taru a gindin dutse. Kawu Matta ya ce ta Ƙyalla faɗuwa ce, ba hannun mutum ba, kuma sau ɗaya. Wannan kuwa ɗan gida ne ya ɗauki gula da niyya, ga shi ana ta bugawa a kowane lungu na Bauchi ba dare ba rana. Ya ce ba zai yi wa ganga ƙarya ba. Mama na zaune a tabarmarta, an fito da ita, ba ta iya miƙewa sai an riƙe ta. Ta ce, “Na gaya muku. Ku bar dabba ta yi kiwonta.”

Yaya, na dubi hannunta, duk jijiya. Raina ya ɓaci, da su, da gangar, da kaina. Sai na haye dutsen nan na ce, “Kawu, yi tambayarka.” Ya ƙi. Na ce, “Yi mana, ai don ita kuka taru.” Ya yi ta can ƙasa-ƙasa. Na buɗe murya yadda har na bakin hanya za su ji, na ce, “Toma aka kira! Toma ɗan gidan nan, mai fiyano. In tana da ƙafa ta same ni a Ɗan Iya, bayan shagon mai faci.”

Matasa suka fashe da dariya. Tsofaffi ba wanda ya yi. Mama ta yi ƙara ta ce in janye. Na ce ba zan janye ba sai ta ci abinci, in ta ci mu yi magana. Ta ci tana kuka. Da ta gama ta ce to janye. Na ce, “Mama, in na janye ai kanki zai koma. Bar shi a wurina, ni da ban yarda da shi ba me zai yi mini?”

Kin ga dabara. Na san kin ce in yi shiru, amma shiru bai ba ta tuwo ba. Ni lafiyata ƙalau, ina cin abinci kamar gara. Aiki ya yi yawa, bukukuwan ƙarshen shekara sun taso, ranar Asabar muna da kiɗan suna a gidan wani ɗan kasuwa kusa da Shadawanka. Ki zo mini da takalmin nan, nawa ya rabu biyu.

Sai kin zo,
Toma

*

Fatakwal
16 ga Disamba, 1998

Toma,

Me ka yi? Me ya kai bakinka? Ka koma dutsen nan yau ɗin nan, ka tafi da Fasto, ka ce wasa kake yi. Ban damu ba ko ka yarda ko ba ka yarda ba.

Jiya da rana na je kasuwar ƴan Arewa sayen wake. Wani mai tsire ya sa kaset. Ban taɓa jin waƙarka ba, amma tun kafin Agnes ta buɗe baki na gane. Ƙafafuna suka tsaya da kansu, na ga na ajiye kwandona a ƙasa. Har nan ta iso, Toma.

Na sayi takalmin, mai kaurin roba. Ina tafe ranar ashirin da uku. Kada ka taɓa komai a situdiyon nan kafin in zo. Ka aiko mini ko layi ɗaya ne ta hannun direban mota.

Roda

*

Miri
18 ga Disamba, 1998

Ɗiyata Roda,

Ni ce uwarki. Cecilia ke rubuta mini, na ce ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara. Direban da ke zuwa wajenku zai kawo miki. Ina gaishe ki, ina gaida mijinki. Ki zauna kafin ki ci gaba.

Toma ya tafi. Ranar Asabar, da rana tsaka, a gidan sunan nan. An wanke tsakar gida, ƙasa da danshi, takalminsa ya tsinke ya cire. Ya kama makirufo zai gwada. Oga Dele ya ce wutar ampilifaya ne. Likita ma ya ce wuta ne. Na ce musu to. Matan da ke girki a wurin sun ce sun ji ganga kafin ya faɗi. Oga Dele ya zo nan ya durƙusa yana kuka, ya rantse ba a ma kunna fiyano ba tukuna, ya ce wataƙila rediyon maƙwabta ne. Na ce ya tashi, ban riƙe shi da komai ba.

Mun sa shi kusa da babansa. Kawu Matta ya ce ko a hau dutse. Na ce a hau a yi me? Motar da ta kawo shi ta tsaya shan mai, shagon da ke gefe kaset ɗin gangar suke bugawa.

Da mutane suka watse na shiga rumbu na naɗe ta da hannuna. Ban ma ƙulla ba. Kullum da safe ina dubawa, zanen yana nan yadda na bar shi.

Kada ki damu da ni, ina cin abinci. Ya ce in ci, ina ci. Na zauna a tabarma don in tare muku hanya, yaron nan ya tsallake ni da wasa, da kwanon tuwo a hannunsa. Wannan ne ke ci mini rai, Roda, ba yunwa ba.

Ki zo a hankali, kada ki yi kuka a mota. In kin sauka a tasha za ki ji ta, don ba inda ba a sa ta. Kada ki ajiye kayanki, kada ki tambayi kowa wa aka kira. An riga an amsa.

Uwarki